Ranar Da Aka Tafa Wa Tabish

Masu karatuna, ku gyara zama, yau ba kuka na zo muku da shi ba. Wata biyu kenan ina cika muku kunne da ƙorafi, har wata a cikinku ta rubuto mini wai in daina jiƙa mata waya da hawaye. To 'yar'uwa, yau ki ajiye hankicinki. Sai dai akwai laifi guda da na aikata a cikin labarin nan, kuma gara in faɗe shi da bakina kafin wani ya riga ni.

Wanda yau ya fara shigowa, Sadaf sunana, 'yar Moradabad ta ƙasar Indiya. Tarihi nake karantawa a jami'ar da mu ɗalibanta muke kira Tsohuwa, saura mini shekara ɗaya in gama. Abbu nawa, wato babana, maƙerin tagulla ne, shekara arba'in yana buga farantai da butoci. Tabish kuwa, wanda ake maganar aurenmu da shi, ɗan mutumin Delhi ne da ke fitar da kayan Abbu ƙasashen waje. Dogo ne, yana da kyau, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma in ya yi dariya sai ya rufe ido ɗaya. Ban ƙi shi ba. Abin da na ƙi shi ne sharaɗin mahaifiyarsa.

Ranar da suka zo ganina, mahaifiyar tasa Anti Nuzhat tana ta juya cokali a cikin shayin da ba ta ko kurɓa ba, ta ce ita dai abu ɗaya take roƙo: in bar Tsohuwa, in koma jami'ar ɗanta in ƙarasa a can, don in ɗan waye kafin a shigar da ni cikin danginsu. Ina tsaye riƙe da farantin samosa, da gyalen da Ammi, wato mamata, ta danne mini da fil huɗu. In ɗan waye. Wallahi saura kaɗan farantin nan ya waye a cinyarta.

Kar ku zagi Abbu a sharhi kamar wancan karon, ba mugu ba ne. Yana ɗan shekara goma sha uku ya bar makaranta ya shiga maƙera. Da suka kai shi jami'ar Tabish, wadda muke kira Gidan Gilashi, aka ɗora shi a 'yar motar lantarki marar ƙara aka zaga da shi, wata na'ura ta zuba masa kofi da kanta. Kwana uku yana ba maƙwabta labari. Da na yi masa kuka sai ya ce, "Beti, 'yata, abin da ban samu ba nake so ki samu. Laifi ne?"

Ni ma fa na je Gidan Gilashin nan, kwana biyar na yi a wani taron ɗalibai, kuma zan faɗi gaskiya ko da 'yan ɗakinmu za su daina yi mini magana. Wurin ya haɗu. Ɗakin karatunsu sanyi ƙalau, da kafet, har da kujerun da ake kwanciya. Mutum biyu a ɗaki, mu kuwa biyar ne. Malami zai wuce, yarinya ta kira shi da sunansa gatsal, shi kuma ya amsa yana murmushi. Babu mai kulle ƙofa da magariba, babu mai tambayarki ina za ki. Abinci kala bakwai. Ranar farko har hassada ta hana ni cin abincin.

Amma ranar da na tashi gabatar da takardata, mutum arba'in ne a ɗakin, kowa ya ɓuya a bayan kwamfutarsa. Minti goma ina magana ban haɗa ido da mutum ko ɗaya ba. Da na gama sai na ji wasu suna ƙyasta yatsu, ƙyas ƙyas ƙyas. Na waiga ina neman wanda ake kira. Daga baya Tabish ya gaya mini haka suke nuna jin daɗi, tafi kuwa sai abu ya kai maƙura ake yin sa, shi ma sau ɗaya aka taɓa yi masa a shekara uku. Na ce to, Allah ya kyauta. Na riƙe maganar nan a raina ban san za ta yi mini rana ba.

Mu a Tsohuwa ba haka muke ba. Zauren muhawararmu daɓensa katako ne, fankokinsa masu dogayen wuya, kuma duk wanda ya hau mumbarin nan sai an yi masa ihu, ko da shugaban jami'a ne. Ana jefo maka magana daga baya, kai kuma ka cafe ka mayar nan take. In ana yi maka ihu, to ana jin ka. In ka burge, ƙafa ake bugawa a katako. Tafi kuwa a tsakiyar jawabi ma'anarsa ɗaya ce: ka ishe mu, je ka zauna. In suka fara ba sa tsayawa sai ƙararrawa ta kaɗa, sai dai in ka yi maza ka zolayi kanka har suka yi dariya, su sake ba ka dama. Duk wanda ya yi sati biyu a Tsohuwa ya san wannan.

To sai ga gasar muhawara ta shekara, kuma bana a karon farko aka gayyaci Gidan Gilashi. Wa zai jagorance su? Tabish. Wa aka zaɓa daga ɓangarenmu? Kun gane. Batun da aka bayar kuwa kamar da gangan: wai tsofaffin jami'o'i sun zama gidan tarihi. Shi zai goyi baya, ni in musa.

Anti Nuzhat na jin labari ta ce sai ta zo, kuma sai an zo da Abbu ya ga irin wurin da 'yarsa take zaune da idonsa, don sau ɗaya ya taɓa zuwa, ranar da ya kawo ni, shi ma a bakin ƙofa ya tsaya. Abbu ya kira ni ya ce in ya gani zai yanke magana, kuma abin da ya yanke shi kenan. Ammi ta karɓi wayar ta shige kicin, ina jin ƙarar tukunya, ta rage murya tana roƙona in rage baki, kar in kayar da ɗan mutane a gaban uwarsa. Na ce mata in na faɗi fa, Ammi, sai in tattara akwatina kenan. Sai ta ce in dai karanta Ayatul Kursiyyu kafin in hau.

Yanzu ga laifin nawa.

Da safen ranar ina zaune a bakin gado, Rubina Apa, babbar ɗakinmu, tana goge mini farar riga da wandon da ta sa wa sitaci tun jiya. Na ɗauki waya na rubuta wa Tabish dogon saƙo. Na bayyana masa komai: ihun, bugun ƙafar, da tafin. Na rubuta masa cewa duk abin da zai yi kar ya roƙi zauren nan ya yi shiru. Yatsana yana kan aikawa sai ga nasa saƙon ya shigo.

"Mun kusa isowa. Kar ki damu, ba zan kunyata ki sosai ba. Ki ɗauka yau bankwana kike yi da su."

Har da 'yar fuskar nan mai kashe ido. Na karanta sau uku. Rubina Apa ta ce lafiya na kumbura kamar puri, gurasarmu da ake soyawa a mai? Na ce lafiya lau. Na danna kan saƙona na goge shi tas, harafi bayan harafi, na rubuta masa, "Allah ya kawo ku lafiya." Allah na tuba. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, ku da me za ku yi?

Ƙarfe uku zauren ya cika har tagogi. Samarinmu a ƙasa cikin baƙaƙen dogayen rigunansu masu maɓalli har wuya, 'yan mata a benen sama. Ni ina kan dandamali da jan gyalena na ƙungiyar muhawara. A layin gaba na hango Abbu da farar riga da falmaran ɗinsa na Idi, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar wanda aka kira gaban alƙali. Kusa da shi Anti Nuzhat ce cikin riga mai aikin zaren Lucknow, tabarau a saman kai, ta toshe hanci da hankici tana kallon fankoki.

Tabish aka fara kira, minti bakwai. Ya taso cikin kwat ruwan toka, da kwamfutar hannu, da gorar ruwansa ta ƙarfe. Na rantse ya yi kyau, har na ji haushin kaina. Ya fara magana idonsa a kan allon, muryarsa a natse.

Daga can baya wani ya ce, "Malam, ɗago kai mana, ba ma cizo."

Aka yi dariya. Ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Ya kawo wani bincike da ya ce an yi a Amurka, wani ya ce a gaishe mana da su in an koma. Ya nuna sama ya ce fankokin nan sun girmi kakansa, sai aka amsa masa cewa su har yanzu suna aiki, shi kuwa minti biyu kacal ya fara gumi. Zauren ya ɗauka. Kuma wallahi wannan duk maraba ce, da ya yi dariya ya goge goshi ya ce gaskiyarku, da sun ɗauke shi a kafaɗa. Hujjojinsa ma masu kyau ne, ni na sani, musamman da ya fara zancen ɗakunan gwaje-gwajenmu.

Sai ya ajiye kwamfutar, ya ɗaga hannu ɗaya.

"Don Allah ku bari in gama. A inda na fito, idan mutum yana magana sauraronsa ake yi."

Na ɗaga kai na hango Rubina Apa a bene ta ja gyale ta rufe fuska.

Mutum ɗaya ya fara daga baya. Taf. Taf. Taf. Sai layinsa ya ɗauka, sai ƙasa gaba ɗaya, sai bene. Mutum ɗari biyar suna tafi a tare, babu ihu, babu dariya, fuskokinsu kamar a masallaci. Tabish ya dube su, na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya yi murmushi. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan rusuna, ya ja da baya taku ɗaya yana jiran su gama karrama shi.

Jama'a, Anti Nuzhat miƙewa ta yi. Ta ɗaga waya tana ɗaukar hoton bidiyo, ta ajiye ta tafa, ta sake ɗauka, tana zungurar Abbu da gwiwar hannu wai ya gani ko. Abbu kuwa, bawan Allah, da hannuwan nan nasa na maƙera, tafinsa ya fi na kowa ƙara a zauren.

Minti ɗaya. Minti biyu. Tabish ya sake rusunawa. Ya ɗaga hannu alamar ya isa haka, na gode. Ba su tsaya ba. A minti na uku murmushin ya fara bushewa a fuskarsa, ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na duƙar da kai ina nazarin lallen yatsun ƙafata kamar a kansa za a yi jarrabawa.

Ƙararrawa ta kaɗa, tafin ya yanke ɗif a lokaci ɗaya. Shugaban zama ya gyara tabarau ya ce lokaci ya cika, an gode. A nan ya gane. Kunnuwansa suka yi ja, ya tattara kayansa ya koma kujera, har ya manta gorar ruwan a kan mumbari. Na ji tausayinsa har cikin raina, kuma a lokaci guda daɗi kamar ya kashe ni. Duka biyun gaskiya ne.

Aka kira sunana. Ban ko buɗe baki ba wani ƙato ya rangaɗa daga tsakiya: "Amarya, a tausaya wa ango!"

Ashe labarin ya zaga. Zauren ya hargitse da shewa, ga kuma Abbu zaune yana ji. Na dube shi, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. A raina na ce shi kenan Sadaf, ki fara tunanin akwati. Sai dai na gane muryar. Danish Bhai ne, wanda shekara uku kenan yana ajin ƙarshe.

Na jawo makirfon na ce, "Danish Bhai, kwantar da hankalinka. Na yi alkawari ba za a ɗaura ba sai ka gama digiri. Ka ga kenan ina da sauran shekara goma."

Kai, ban taɓa jin zauren nan ya fashe irin na ranar ba. Danish Bhai da kansa ya miƙe ya cire hula ya rusuna mini. Na saci kallon Abbu, na ga kafaɗunsa suna rawa, ya rufe baki da hular. Daga nan tsoro ya sake ni.

Ban ƙaryata Tabish ba. Na gaya musu na je jami'arsu na gani, kuma ta fi tamu kyau nesa ba kusa ba, aka yi mini ihu, na ce ku yi ihunku, famfon bayan ɗakinmu dai tun bara yake zuba. Na ce musu ɗakin karatunsu na sa ni kuka don hassada. Sannan na ba su labarin wata yarinya mai kirki da na kwana a ɗakinta a can, na tambaye ta sunan maƙwabciyarta ta jikin bango, sai da ta duba waya. Na ce mu a ɗakinmu akwai 'yar alƙali daga Patna, akwai 'yar mai gyaran keke daga Rampur, bokiti ɗaya muke bi layi, kuma kowacce ta san wadda ke minshari. Shekarata ta farko zazzaɓin taifot ya kwantar da ni sati uku, manyan ɗalibai suka raba kwanakin jinya a tsakaninsu, wata da ban taɓa yi wa magana ba ta kwafe mini darussa da hannunta har littafi biyu.

Wani ya jefo, "To miyar dal ɗin fa?"

Na ce wannan miyar waken da ake dafa mana kullum kam ba ni da bakin kare ta. In akwai abin da ya kamata a kai gidan tarihi a jami'ar nan to ita ce, don tun zamanin Turawa ruwa kawai ake ƙara mata.

Da dariyar ta lafa, na duba agogo, saura rabin minti. Na ce, "Ni tarihi nake karantawa, na shiga gidajen tarihi da yawa. A can kowa shiru yake yi, kaya suna bayan gilashi, an rubuta kar a taɓa. Alƙalai, ku saurari zauren nan da kunnenku, sannan ku gaya mini wanne ne gidan tarihin."

Ƙafa ɗari biyar sau biyu a kan tsohon katako. Ƙura ta tashi har tana shiga hasken tagogi, gorar Tabish ta gangaro daga mumbari ta faɗi. 'Yan bene suna kiran sunana, Sa-daf, Sa-daf, na ƙasa suka karɓa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, amma wannan karon ba irin wanda kuka saba ji ba ne. Alƙalan ba su ɓata minti biyar ba, kofin gasar ya zauna a gida.

A waje, ƙarƙashin darbejiya, na tarar Anti Nuzhat ta tsare Abbu. Wani ya riga ya fassara mata tafin, fuskarta ta yi jawur, tana ta goge abu a wayarta. Tana cewa ai ya gani da idonsa, wannan ba jami'a ba ce, tasha ce, yara marasa tarbiyya, a gaban manya ana kiran yarinya amarya ita kuma tana mayarwa. Ta ce gobe-goben nan a fara cike takardun canjin makaranta.

Abbu ya bari ta gama. Ya dubi tafin hannunsa da suka yi ja ya ce shi abin da ya fi damunsa, ashe har da hannunsa aka kori yaron, Allah ya yafe masa. Sannan ya gyara falmaran, ya kira ta Bhabhi, wato matar ɗan'uwa.

"Bhabhi, ranar da kuka kai ni makarantar Tabish, shekararsa uku a can, amma sai da ya nuna kati mai gadi ya bar shi ya shiga. Yau na ji mutum ɗari biyar suna kiran sunan 'yata. Ni ban yi karatu ba, amma na san inda aka san mutum. A nan za ta ƙarasa. In za ku jira ta shekara ɗaya, madalla. In ba za ku iya ba, farantai na nan zan ci gaba da aiko muku, ba abin da ya canza."

Ni dai ban san sanda na rungume shi a gaban mutane ba, kofin yana dukan bayansa. Ya ce in sake shi kar in ɓalle masa maɓalli. Anti Nuzhat ta sauke tabarau a kan idonta ta nufi mota ba sallama. Tabish ya zo ya gaishe da Abbu hannu biyu, ya ce a sauka lafiya, ni kuwa ko inda nake bai kalla ba. Wannan ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Kafin in raka Abbu tashar jirgi ya dage sai ya ɗanɗana miyar da ake ta magana. Rubina Apa ta sa aka ɗebo masa a kwano. Ya kurɓa, ya ce, "Beti, a nan kam yaron ya fi ki gaskiya."

Jirginsa ya tashi bayan la'asar. Ina cikin keken haya a hanyar komawa, kofin a cinyata, wayata ta yi ƙara. Tabish.

"Kin san ma'anar tafin nan tun farko, ko?"

Na rubuta, "Na sani."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Mun wuce kasuwar 'yan littattafai, mun wuce masallacin ƙofar gabas, yana ta rubutu. Na ce shi kenan, yau zan sha wa'azi da Turanci.

"Ni na ja wa kaina. Shekara uku ina cin gasa, yau ne karon farko da na ji ana sauraro na, kuma na ɓata. Ina so in sake hawa mumbarin nan. Kafin mu tafi na biya ofishinku na karɓi takardar neman digiri na biyu."

Ban gama haɗiye wannan ba wani ya faɗo a ƙarƙashinsa.

"Mummy ta gan ta a jakata yanzun nan. Ta sa direba ya tsaya a gefen hanya. Ta ce in ba ta lambarki."

Na buɗe baki zan ce wa mai keken ya dakata in sha iska, sai wayar ta fara ruri a hannuna, baƙuwar lamba, ta Delhi. Na gyara zaman kofin a cinyata, na gyara gyalena, na ɗauka.

"Assalamu alaikum, Anti," na ce. "Ina jin ki."